Kalmar "lewd" ba zina take nufi ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

A labaran da kuka fassaro daga Amurka a makon jiya, kun ce an gurfanar da wani mutum a kotu bisa laifin zina. Da na nemi labarin a Turance, sai na ga tuhumar "lewd conduct" ce. Gaskiya fassarar ta yi nauyi. Bahaushe in ya ji zina, hankalinsa kan shaidu huɗu da haddi yake tafiya, alhali Bature yana kiran abu "lewd" ko da ba a kai ga taɓa kowa ba: mutum ya tsiraita kansa a bainar jama'a, ko ya riƙa aika wa mace saƙonnin banza a waya, ko ya yi mata wata alama ta rashin kunya da hannu. Batsa ke nan, ko a ce alfasha.

Abin mamaki, kalmar ba ta da alaƙa da sha'awa a farkonta. A tsohon Turanci, sama da shekara 1000 da suka wuce, ana cewa "laewede" ga duk wanda ba limamin coci ba. To a lokacin limaman ne kusan kawai ke karatu da rubutu, sai ma'anar ta koma jahili. Daga jahili ta gangara zuwa ɗan tasha mara tarbiyya, kafin ta tsaya a kan batsa. Wato raini ne na masu ilimi ga talaka ya yi ta jan kalmar ƙasa. Har a fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki James ta 1611, mutanen da aka ɗebo daga kasuwa suka ta da tarzoma a birnin Tasalonika na ƙasar Girka "lewd fellows" aka kira su, kuma 'yan zauna-gari-banza ake nufi, ba fasiƙai ba.

A kotunan Amurka an fi jin ta tare da ƙawarta "lascivious", wadda ta fito daga Latin, ita ma batsa take nufi. Dokar Comstock ta 1873, wadda ta hana aika kayan batsa ta gidan waya, da su biyun ta yi amfani.

Ina roƙon masu fassararku su fara duba abin da mutumin ya aikata kafin su zaɓi kalma. In tsiraici ne a ce tsiraici, in kalaman batsa ne a faɗi hakan.

Naku,
Tsohon malamin Turanci, Zariya