Ba ƙoshi ne ya fito da yaran nan cikin ƙanƙara ba

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki, ya ƙoƙari. Dan Allah ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu, maganar da ɗan tsawo amma a yi haƙuri da ni.

Ni ɗalibi ne a nan Edmonton ta jihar Albata a Kanada, shekarata ta biyu kenan. Kwanakin baya na tura wani hoto a guruf ɗinmu na gida a WhatsApp, ɗalibai ne tsaye cikin ƙanƙara da kwalaye a hannu, wasu har sun ɗaura ƙahon kwali a ka, suna neman gwamnati ta daina ba kamfanonin katako da na mai izinin kutsawa dajin da wata dabba mai suna karibu ke rayuwa. Sai wani kawuna da nake ganin girmansa sosai ya turo murya yace, ɗana ai wannan ƙoshi ne, wanda bai ci na dare ba ina ya ga ta barewa. Ban ja da shi a guruf ba don bai dace ba, amma maganar ta tsaya min a rai, kuma na san ba shi kaɗai ke da wannan tunanin ba shi ya sa na ce bari in rubuto muku.

Ita dai karibu wata irin barewa ce ta ƙasashen sanyi, ta fi tamu girma nesa ba kusa ba, ƙahonta kamar reshen bishiya, kuma mace da namiji duk suna da shi. Hotonta ne a bayan tsabar senti 25 ta Kanada tun 1937, wato kowa na yawo da ita a aljihu amma mafi yawan mutanen birni ba su taɓa ganinta ido da ido ba. Iri-iri ce. Akwai mai yawo garke-garke a filin Arewa can inda bishiya ba ta fitowa, akwai kuma ta cikin kurmi da duwatsu, to wannan ta biyun ita ce ta fi shiga uku. Tun 2003 dokar tarayya ta sa ta cikin dabbobin da ke fuskantar barazana.

Abin da ya fi ɗaure min kai da na fara karanta lamarin shi ne, ba harbinta kamfanonin ke yi ba, ko ɗaya. Ga yadda abin yake. Ita ta kurmi dabarar rayuwarta ɓuya ce, tana shigewa tsohon daji da fadamu masu laka inda kyarkeci baya son wahalar shiga, a can take cin wata irin gansakuka da ke fitowa a ƙasa da jikin tsofaffin itatuwa, wadda sai ta yi shekaru gommai kafin ta yi kauri. To sai masu katako su zo su share tsohon dajin, sabon tsiro mai laushi ya fito, wasu manyan dabbobi masu cin ganye su cika wurin, kyarketai su biyo su su hayayyafa. Ga kuma masu neman mai da gas da suka tsattsaga dajin da dogayen layuka miƙaƙƙu don awon abin da ke ƙarƙashin ƙasa, a Albata kaɗai tsawonsu in an haɗa ya kai dubban ɗaruruwan kilomita, wasu an share su shekaru arba'in hamsin baya amma har yau bishiya ba ta rufe su ba. Waɗannan layukan sun zama wa kyarkeci kwalta, ya bi a guje har ɗakin karibu. Ita kuma ɗa ɗaya take haifa a shekara, in an cinye shi sai baɗi. Ka ga babu wanda ya ɗaga bindiga amma garke na ƙarewa.

A 2012 gwamnatin tarayya ta fitar da tsari, tace kowane garke yana buƙatar aƙalla kashi 65 cikin 100 na dajinsa ya zama ba a taɓa shi ba, kuma ko da hakan ma damar ya ɗore da kansa kashi 60 ce kacal. Aka ba jihohi shekara biyar su kawo nasu shirin, wa'adi ya cika a Oktoban 2017 babu wadda ta cika alkawari yadda aka nema. A yankin Little Smoky na nan Albata sama da kashi 95 na dajin an riga an taɓa shi, maimakon a tsaya da sara sai aka koma harbin kyarketai daga jirgi mai saukar ungulu tun wajen 2005. A jihar Kebek kuwa garken Val-d'Or da ya rage guda bakwai sai kama su aka yi a 2020 aka sa a shinge. Wallahi ranar da na ga hoton nan raina ya ɓaci, dabbar da Allah ya yi ta don faɗin daji an mai da ita kamar akuyar turke.

Yanzu maganar ɗaliban. Ni ma da farko na ɗauka ɗaga kwali ne kawai a ɗau hoto a watse, sai da wata 'yar ajinmu ta ja ni zaman da suke yi da yamma bayan lakca. Abin da na tarar ya bambanta. Taswirori ne na tauraron ɗan adam a kan kwamfuta, suna auna inda aka sare bana da inda aka sare bara, suna karanta takardun neman izini na kamfanoni shafi bayan shafi, abin da ko wakilin mazaɓa ba lallai ya karanta ba, don a nan in za a ba da irin wannan izinin akan buɗe ƙofa na wasu makonni jama'a su rubuto ra'ayinsu, in ka yi shiru kuma an ɗauka ka yarda. Wasu masu karatun lauya ne, wasu na kimiyyar daji, wasu iyayensu ma a kamfanin mai suke aiki kuma da wannan albashin ake biya musu makaranta, ka ga ba ƙaramin abu bane yaro ya zauna teburin cin abinci da mahaifinsa da irin wannan maganar a tsakaninsu. Yawancinsu aikin kanti ko gidan abinci suke yi da daddare su biya haya, da bashin karatu a wuyansu. Ban ga ƙoshi a wurin ba gaskiya.

Sannan abin da nake so kawu ya ji da kyau, ba ɗaliban birni ne suka fara wannan faɗan ba, bin baya suke yi. Masu gaba su ne 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar, kuma su maganar tukunya ce a wurinsu. A jihar Biritish Kolombiya akwai al'ummomi biyu, West Moberly da Saulteau, dattawansu na cewa a da karibu a duwatsunsu kamar ƙwari suke don yawa. Aka gina babban dam a kogin Peace a shekarun 1960 ya datse musu hanya, ga ma'adinin kwal ga katako ga gas, har mutanen suka hana kansu farautarta da kansu. Zuwa 2013 garken yankinsu da ake kira Klinse-Za saura 38. Sai suka ce ba za su zuba ido ba, daga 2014 suka riƙa kamo mata masu ciki suna kai su wani shinge can saman dutse, masu gadi daga cikinsu na kwana a wurin dare da rana, gansakukar ma da hannu ake tsinko musu har da yaran makaranta, sai 'ya'yan sun yi ƙwari a sake su. A Fabrairun 2020 suka sa gwamnatin jiha da ta tarayya suka rattaba hannu aka kare kusan murabba'in kilomita 8,000, garken kuma ya haura 100. Wanda ya taso gidan kiwo ya san me ake nufi da kwana a kan dabba mai ciki.

A Alaska ta Amurka kuma faɗan ya fi girma. Akwai garken Porcupine, an ƙirga su 218,000 a 2017, duk shekara suna tafiyar ɗaruruwan kilomita daga Kanada su sauka wani fili a bakin tekun Arewa su haihu a farkon watan Yuni. Mutanen Gwich'in da ƙauyukansu ke kan hanyar garken, irin su Old Crow da Arctic Village, da naman nan suke rayuwa, ƙauyuka ne da babu titin mota, kayan kanti sai jirgin sama ya kawo da tsadar da ba a magana. Filin haihuwar suna kiransa wuri mai tsarki inda rai ke farawa. To ƙarƙashin wannan filin mai faɗin eka miliyan 1.5, wanda ke cikin wani gandun namun daji, ne ake cewa akwai mai. Mu da muka san burtali ai ba sai an yi mana dogon bayani ba, in ka toshe wa garke hanya da mashaya ka gama da shi ko ba ka yanka ko ɗaya ba. Tun 1988 dattawan Gwich'in suka taru a Arctic Village suka yanke cewa za su kare wurin, a 2017 majalisar Amurka ta cusa izinin haƙar man cikin dokar haraji a zamanin Trump.

A nan ne matasa suka nuna amfaninsu. A Oktoban 2019 wasu 'yan mata biyu, Quannah Chasinghorse mai shekara 17 da Nanieezh Peter mai 15, suka tsaya gaban babban taron 'yan asalin Alaska a Fairbanks, a gaban manya da shugabannin kamfanoni, har sai da taron ya amince cewa sauyin yanayi ya zama lamarin gaggawa. Gwich'in da magoya bayansu, da ɗalibai a ciki, suka kuma bi ta inda kuɗi ke fitowa, suka matsa wa bankuna lamba, Goldman Sachs ya fara cewa ba zai ba da rancen haƙar mai a wurin ba a ƙarshen 2019, JPMorgan da Wells Fargo da Citi da sauransu suka biyo a 2020. Yaran TikTok kuma suka tura miliyoyin wasiƙu ga hukumar kula da namun daji. Da aka zo gwanjon filin ranar 6 ga Janairun 2021 manyan kamfanonin mai ba su leƙo ba, dala miliyan 14 da 'yan kai aka tara, mafi yawa ma wata hukumar jihar Alaska ce ta saya. Gwanjo na biyu a Janairun 2025 ko mutum ɗaya bai taya ba.

Amma kar in ce duk nasara ce. A Maris ɗin 2023 matasan nan sun cika intanet da kiran a dakatar da aikin mai na Willow, shi ma a Alaska, kusa da inda wani garken karibu da ake kira Teshekpuk ke kiwo, Biden ya saurara ya kuma amince da aikin a ranar 13 ga wata. Trump ma da ya dawo a ranar farko, 20 ga Janairun 2025, ya sa hannu a sake buɗe filin Gwich'in ɗin. Kuma dole in faɗi gaskiya ko da ba ta yi wa ɓangarena daɗi ba, ba duk 'yan asalin ke ƙin man ba. Ƙauyen Kaktovik na mutanen Inupiat shi kaɗai ne a cikin gandun, shugabanninsu da yawa suna so a haƙa, suna cewa da harajin mai aka gina musu makaranta da asibiti da ruwan famfo, kuma ba sa son wani daga birni ya zo ya koya musu yadda za su zauna a ƙasarsu. Wannan magana ce mai nauyi, ta yi kama da ta kawu ma, kuma ban yarda da ɗalibin da zai yi musu kallon maciya amana ba. Ni dai inda na tsaya, rijiyar mai tana da shekarun da za ta yi ta ƙafe, garken nan kuwa dubban shekaru yana ciyar da mutane ba a ba shi ko ƙwayar dusa ba, kuma filin haihuwar guda ɗaya ne babu na canji.

Malam Edita, abin da ya sa na ga ya dace masu karatun Hausa su ji wannan, muna da irinsa a ƙofar gida. A Nijar an kafa gandun Termit da Tin Tumma a 2012, can ne ragowar farar barewar hamada da ake kira adaks suke, a wani bincike na 2016 guda uku kawai aka iya gani, a 2019 kuma gwamnati ta sake zana iyakar gandun ta fitar da ɓangaren da kamfanin man China ke aiki. Ɗalibai nawa ne a Damagaram ko Kano ko Maiduguri suka ji labarin ma balle su nemi takardar su karanta? Ba laifinsu bane, ba a kawo musu ba. Ina roƙon jaridarku in za a ba da labarin sabuwar rijiyar mai ko ma'adini, bayan hoton masu yanke kyalle a tura wakili ya tambayo makiyaya da mafarauta da masunta na wurin ina dabbobi ke bi, ina suke sha, a kuma nemo rahoton tasirin aikin ga muhalli a fassara mana shi da Hausa.

Kawu kuma na yi niyyar in kira shi ranar Juma'a bayan an sauko, in fara masa da labarin masu gadin shingen nan na saman dutse, don shi ma ya yi kiwo da ƙuruciya.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku, wani ɗalibi daga Edmonton, Kanada