Takardar Koke Daga Mazauna Jakara da Kewayen Kasuwar Kurmi

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Kano,
Ta hannun Mai Girma Hakimi da masu unguwanninmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya taimaki Sarki, Allah ya ja zamanin Takawa. Bayan gaisuwa da ban girma irin ta ɗa da uba, mu talakawanka mazauna Jakara da lungunan da suka kewaye Kasuwar Kurmi muna kawo kuka fada. Unguwarmu tana watsewa a hankali. Gida bayan gida ana sayarwa ana mai da su sito, mutanen ciki suna tashi, kuma duk sauran abin da ke damunmu daga nan yake samun ƙarfi.

Ga yadda abin yake faruwa, ranka ya daɗe. Magidanci zai rasu ya bar gida mai sassa huɗu ko biyar, da magada da yawa. Tun ba a yi sadakar arba'in ba dillali ya fara sallama a zaure, yana ta'aziyya yana ƙare wa katanga kallo. Kuɗin da ɗan kasuwa zai ajiye, babu ɗan gidan da zai iya ajiye rabinsa a lokaci ɗaya. Sai a sayar. Cikin 'yan watanni an rushe soro da zaure, an zuba dakin, an kafa ƙofar ƙarfe, an cika wurin da robobi ko dilolin gwanjo na Ƙofar Wambai. Magada su raba kuɗi, mai rabo ya sami ɗan fili a Ɗanbare ko Rijiyar Zaki, da yawa kuwa su ƙare a gidan haya, kuɗin ya bi ruwa kafin shekara ta zagayo. Tsohuwar gidan, wadda aka kawo ta amarya cikin wannan lungu, ta koma inda ba ta san maƙwabciyarta ba.

Ba mu ƙi kasuwa ba, da ita aka goya mu. Amma sito ba ya zuwa jana'iza, ba ya tsawata wa yaro. Da la'asar sakaliya a datse shi da kwaɗo, mai shi ya tafi gidansa a bayan gari. Akwai lungun da a da za ka wuce dakali uku na dattawa kafin ka fita bakin titi, da makarantar allo a zaure, da mai ƙosai a kusurwa. Yanzu bayan isha'i ƙofofin ƙarfe ne dama da hagu, babu fitila, babu mai tari. Nan masu shaye-shaye suke samun mafaka, nan mai ƙwacen waya yake shigewa ya ɓace. Limamanmu shaida ne kan yadda sahun asuba ya ragu a masallatan cikin lungu.

Daga nan ne sunanmu ya ɓaci. Ka tsai da ɗan adaidaita sahu da daddare ka ce Jakara, ya girgiza kai ya ja babur ɗinsa. Yaronmu ya je neman aure bayan gari, masu bincike su dawo da maganar unguwa kafin maganar halinsa. In aka yi faɗan daba a wani wuri aka ɗauki hoto aka sa a Facebook, sau da yawa sunan unguwannin cikin gari ake liƙa masa ko da ba nan aka yi ba. Ba za mu yi wa Sarki ƙarya ba: muna da yaran da suka gagara, mun san su, mun san iyayensu. Amma ba su kai cikin cokali ba in aka auna su da ɗalibai, da teloli, da masu ɗinkin hula, da mahaddata da lungunan nan suke fitarwa kowace shekara. Kuma kowa ya san lokacin da suke ƙara ƙarfi: in zaɓe ya matso, masu buƙatarsu su zo da mota da 'yan kuɗi, in an kama su a je a karɓo belinsu kafin gari ya waye. Masu yin haka ba a Jakara suke kwana ba.

Sarki ya fi mu sanin abin da ke cikin wannan yanki. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma a zamaninsa ne Shehu Magili ya sauka a Kano, har unguwar Sharifai take danganta asalinta da zuwansa. Madabo tana nan kusa da mu da tarihin karatunta. Fataken Larabawa da suka ratso hamada daga Gadamas da Tarabulus a nan suka yi masauki, sunayen Alfindiki da Dandalin Turawa suna tuna mana. Baturen nan Heinrich Barth da ya zo a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne tufafin da ake saƙawa ake rinawa a Kano ana kai su ƙasashe masu nisa. Sana'o'in ba su mutu ba. Har yau mai neman sirdi da linzami da kayan kwalliyar doki na hawan Sallah Kurmi yake zuwa, haka mai neman turaren wuta, da littattafan addini, da aikin fata na dukawa. Hawan Sallar Kano da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2024, da yawa daga cikin adon da ake gani a kan dawakinsa daga hannun mutanen waɗannan lunguna yake fitowa. Badala da wuraren tarihin da ke tare da ita suna cikin jerin wuraren da ke jiran wannan hukuma ta amince da su a matsayin wuraren tarihin duniya tun 2007. Baƙon da ya hau Dala ya sauko, ko ya gama kallon Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata, ta wajenmu hanyarsa take bi in yana son ganin gari na ainihi. Mai ɗinkin sirdi kuwa a zauren gidansu ya koya, wurin ubansa ko kawunsa. In zauren ya zama sito, babu inda na baya zai koya.

Zama a nan yana da daɗinsa, shi ya sa da yawanmu muka ƙi tashi. Da ƙafa mutum zai je kasuwa, ya je Masallacin Juma'a, ya je Asibitin Murtala, ba ya biyan kuɗin mota. Gidan ƙasa mai azara yana da sanyi a bazara ko babu wuta. In mace ta haihu, kafin mijinta ya dawo maƙwabta sun hura wutar ruwan wanka.

Abin da ke korar mai son zama shi ne ruwa, na sama da na famfo. Kududdufan da kakanninmu suka haƙa suka ɗebi ƙasar gini su ne suke shanye ruwan damina. An cike da yawansu da shara an yi gini a kai, ruwa ya rasa inda za shi. Aikin rufe rafin Jakara da shimfiɗa titi a kansa, wanda aka fi sani da titin Wuju-Wuju, da aka faro a gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta biyu, babban aiki ne kuma mun yi murna da shi. Sai dai ƙananan kwatocin cikin lungu da yawa ba su da hanyar da za ta kai su babbar magudana, waɗanda ke da ita kuma leda ta toshe. In aka yi ruwa mai ƙarfi cikin dare, za ka ga magidanci da tocila a baki yana kwarfe ruwa daga tsakar gida da roba, matarsa tana ɗora katifa a kan buhunan hatsi, kowa yana sauraron katangar maƙwabci. Katangar ƙasa in gindinta ya jiƙa kwana biyu, sai dai addu'a. Gidan da ya faɗi kuwa, washegari dillali ne farkon mai jaje.

Famfo kuma a lunguna da yawa ya zama abin tarihi, bututun ya ruɓe a ƙasa. Da 'yan garuwa muke rayuwa, kura ba ta shiga kowane lungu, sai a sauke jarkoki a bakin hanya yara su ɗauka.

Saboda haka muke roƙon Mai Martaba, da farko kuma mafi girma, ya sa baki a kan sayar da gidajen gado. Ba a cinikin gida a cikin gari ba tare da sanin mai unguwa ba. Muna roƙo a umarci masu unguwanni kada su shaidi ciniki sai an tara magada duka, mata da marayu a ciki, an ba wanda yake son zama wa'adin da zai nemo kuɗi ya biya 'yan'uwansa. Malamanmu sun karantar da mu cewa a mazhabar Malikiyya abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato shi ya fi cancanta ya karɓi rabon da ɗan'uwansa ya sayar a kan kuɗin da aka saya. Mutane da yawa ba su san wannan ba sai bayan katafila ta wuce. In fada ta sa limamai su yi bayaninsa a huɗuba da wuraren ta'aziyya, gidaje da yawa za su tsira. Muna kuma roƙon Sarki ya yi magana da hukumar tsara birni a ware inda za a iya yin sito, bakin manyan tituna, a bar cikin lungu wurin kwana.

Sai maganar kwata. Muna roƙo a kai kukanmu ga gwamnatin jiha da ƙaramar hukuma a haɗa magudanan lungu da babbar magudana kafin damina, a hana cike sauran kududdufan da suka rage, a ajiye mana wurin zuba shara da mota za ta riƙa kwashewa. Aikin gayya namu ne, matasanmu suna fitowa da shebur da baro duk ƙarshen wata, amma abin da suka yashe in ya kwana uku a bakin kwata komawa ciki yake yi. Fitilun sola a bakin lunguna da sabunta bututun ruwa su ma muna sa rai.

A kan yaran da suka gagara, muna roƙon Mai Girma Hakimi ya kira zama da iyayensu, da jami'an tsaro, da shugabannin sana'o'in Kurmi. Akwai masu rumfuna da suka ce za su karɓi yaro su koya masa sana'a in fada ta tsaya masa. Wanda kuma ya zo belin mai ɗaukar makami, a rubuta sunansa a kawo wa Hakimi.

A shirye muke mu zagaya da duk wakilin da Sarki ya turo, lungu-lungu, mu nuna masa gidajen da aka mayar sito da waɗanda ke kan hanya, musamman in zai zo washegarin ruwan sama.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana.

Mu ne talakawanka,
Dattawa, limamai, iyaye mata, masu sana'a da matasan Jakara da kewayen Kasuwar Kurmi, Birnin Kano.