Tsakin Baturke ba zagi ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka in yi magana da 'yan'uwana 'yan kasuwar Maraɗi masu zuwa Turkiyya saro kaya, musamman masu cewa tunda akwai tafinta a cikin waya, babu amfanin koyon ko da gaisuwa.

Ni ma da bakina na sha faɗin haka. Sau uku ina zuwa Istanbul saro dogayen riguna da takalma, ban riƙe kalma ko ɗaya ba. A zuwa na huɗu ɗana da ke karatu a Antaliya ya nace sai na je na ga inda yake zaune. Daga Istanbul awa ɗaya da 'yan mintoci ce a jirgi, sai ga mu a bakin Bahar Rum.

Washegari na shiga wani shago a tsohon gari, wanda suke kira Kale'ici, na taya wata darduma. Mai shagon, yaro sa'an ɗana, ya ɗaga gira, ya ɗaga haɓa, ya yi mini tsaki. Ni da furfurata! Na ajiye dardumar zan fita raina a ɓace, ɗana ya riƙo hannuna yana dariya, ya ce: "Baba, ba raini ba ne, a'a kawai ya ce maka." Ashe haka suke ƙin abu, babba da yaro. Kafin in gama hucewa yaron ya kawo mini shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashi yana kirana "amja", wato baffa.

Ranar na zauna aka koya mini. Abin da ya ba ni kunya shi ne rabin abin namu ne. In ka tarar da mutum yana aiki, ko shara yake yi, sai ka ce "kolay gelsin", daidai da sannu da aikinmu. In an ce maka "hosh geldiniz", sannu da zuwa ke nan, amsarta "hosh bulduk". Mara lafiya ana ce masa "gecmish olsun". Shayi "cay" ne, alƙalami "kalem", duniya "dunya", sabulu "sabun". Ba a shiga gida da takalmi. Yaro kan sumbaci hannun dattijo ya ɗora a goshinsa, kamar yadda namu ke durƙusawa. Shayi kuwa ba su daina zuba maka sai ka kwantar da cokali a bakin kofin. Kafin a gaya mini na sha kofi biyar, daren nan ban runtsa ba. Rubutun ma ba wuya, don tun 1928 suka bar haruffan Larabci suka koma na boko, sai dai harafin c nasu j ake karanta shi; ni a nan na rubuta kalmomin ne yadda ake faɗinsu.

Garin kansa ya tsufa ƙwarai. Ƙofar da muka bi muka shiga an gina ta ne a shekara ta 130 don tarbar Hadiriyan, sarkin Rumawa, har yau ana ganin ramin da ƙafafun keken doki suka ci a dutse. Hasumiyar Yiwli, ta jan bulo, mita 38, tun ƙarni na 13 take tsaye, zamanin Saljuƙawa, Turkawan da suka mulki garin a lokacin. Ta tuna mini da ta masallacin Agadas. Ibn Battuta, matafiyin nan ɗan Maroko, shi ma ya sauka a garin, shi ɗin dai da ya bi ta Takadda a ƙasarmu a 1353. Na tsaya ina kallon ganuwar, ina tuna tsohon Maraɗi da Gulbi ya ci a 1945.

Da na koma Istanbul wajen wanda na saba saye a hannunsa, na ce masa "kolay gelsin". Ya miƙe tsaye, ya ba ni kujera, ya tambayi iyalina, abin da bai taɓa yi ba. Kuɗin kaya dai bai rage mini ko dala ba, kar wani ya ce na yi masa alkawari.

Yaranmu da suka yi karatu can sun fara dawowa, wasu na zaune babu aiki. Me zai hana mu 'yan kasuwa mu haɗa kuɗi mu ɗauki ɗaya, ya riƙa koya mana bayan la'asar a wata rumfa cikin babbar kasuwa? Ni zan kawo tabarma da shayi.

Naka,
Wani mai saida tufafi,
Unguwar Zariya, Maraɗi