Kada ka sake ɗaukar masa wayar wuta

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mu ma nan Marwa lafiya lau, sai ciwon ƙafar mahaifiyarka da ka sani. An gama dashen masakwa, Allah ya sa a ci amfani.

Ban kira ka a waya ba don na san halinka. Ina fara magana za ka shiga "to Baba, to Baba" har kati ya ƙare, ba abin da ya shiga kunnenka.

Gwaggonka ta dawo daga Kusseri ranar Talata, ko mayafi ba ta ajiye ba ta same ni a zaure. Ta ce an tsinci ƙwayar tiramol a aljihun wandon makarantar ɗanka, takwarana, ka kulle shi a ɗaki ka zane shi da wayar wuta, sai da maƙwabta suka shigo suka ƙwace shi. Ta ce tun ranar bai ci tuwon gidan ba. Da asuba yake ficewa bakin gadar Ngeli yana yi wa masu ƙetarawa Njamena dako, ba ya dawowa sai ya tabbata ka yi barci. Yaro ɗan shekara 14!

A ina ka koyi wannan? Kada ka wahalar da kanka, a gidana ka koya. Ni ma da dorina aka tashe ni, kuma ban lalace ba. Ku tara nake ciyarwa da rumfa ɗaya a kasuwa, ina na ga lokacin zama hira da kowannenku? Abin da na sani shi na yi. Sai dai dorinar nan ita na gwada a kan Auta, kuma kana nan, ka ga abin da ta haifar.

Har yau ba na iya alwala a bakin famfon nan ban tuna ba. Nan ya faɗi, jiki na karkarwa, haƙora a datse, kumfa na fita. Mahaifiyarka ta ɗauka iska ce, ta ruga neman garwashin hayaƙi. A asibiti likita ya zaro sacet ɗin tiramol daga aljihunsa ya nuna mini lambar da ke jiki, 225. Ya ce wanda suke ba mai ciwo 50 ne ko 100, kuma ko babban mutum ba a bari ya wuce 400 a yini. Ƙanenka uku yake haɗiyewa da kofin shayi kafin ya hau babur. Yawanta ne ke kawo wannan jijjigar, wani kuma numfashinsa ne ke tsayawa. Ƙwayar da a ƙauyukanmu har shanun huɗa ake ba don kada su gaji. Shekara biyu yana sha a ƙarƙashin rufina ban sani ba, don na koya masa cewa duk abin da ya kai kunnena duka ne ƙarshensa.

Wannan ne ya hana ni barci. Yaron da ya daina jin tsoron duka, ya kuma daina magana, ka rasa shi ko da yana kwana a ɗakinka.

Faɗa mini gaskiya, yaushe rabon da ka zauna ya ba ka labari har ya kai ƙarshe? Kana fita yana barci, ka dawo ka rungumi waya. Kuɗin makaranta kana biya, na yarda, amma mai shayin bakin gada ya fi ka sanin ɗanka. Wannan abin kunya ne, kuma ba zan ɓoye maka ba don ka yi gemu.

Ka nemo shi da kanka, kada ka aika. Kada ka yi masa maganar a tsakar gida gaban ƙannensa. Ɗauke shi a babur ku je bakin Logon, ka sayi soyayyen kifi, ku zauna kafaɗa da kafaɗa, don yaro ya fi sakin baki in ba a tsare shi da ido ba. Ka fara da cewa ka yi kuskure da ka dake shi haka. Na san zai yi maka nauyi, ni ban taɓa iya faɗa ba. Sannan ka tambaye shi wa ya fara ba shi, guda nawa yake sha, me yake ji in bai sha ba. In ya yi shiru, kai ma ka yi shiru. In ya faɗi abin da ya tafasa maka zuciya, haɗiye. Mahaifiyarsa ma ta san wani abu, tambaye ta ba da tsawa ba.

In ya riga ya saba da ita, kada ka ce daga yau ya daina ka kulle ƙofa. Gumi, ciwon gaɓoɓi, zawo da rashin barci za su kore shi ya koma. Ka kai shi asibiti su rage masa a hankali. Addu'a muna yi dare da rana, mahaifiyarka ma ta sa an yi rubutu, amma a haɗa da likita.

Kai yaron kirki ne, tsoro ne ya sa ka ɗauki wayar nan, na sani. In ka ga abin ya fi ƙarfinka, ka sako mini shi a mota, ko hanyar Waza ta lalace zan je tasha in jira shi. Ka ce masa kilishin da na ba direba nasa ne shi kaɗai.

Mahaifinka.