Wasiƙa Daga Bauchi Kan Kiɗan da Ba a San Mai Shi Ba

Unguwar Jahun,
Bauchi.

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kuma karatu yana tafiya yadda ake so duk da sanyin Berlin da ka ba ni labari. Mu nan kowa lafiya, sai hazon hunturu da ya rufe gari. Na je na gaida Hajiya ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ta ce in gaya maka tana sa maka albarka, kuma ka ƙara yawan kiran waya.

Na zaɓi in zauna in rubuto maka doguwar wasiƙa ne saboda maganar da ke raina ta fi ƙarfin saƙon murya na minti biyu, kuma a ƙarshenta akwai wata alfarma da nake nema a wurinka.

Wata uku da suka wuce ina dawowa daga Azare a motar haya, sai direban ya kunna wani kiɗa da ban taɓa jin irinsa ba. Babu murya a cikinsa ko ɗaya. Ganga ce ta na'ura tana tafiya ba tsayawa, a kanta kuma sautin fiyano yana zagayawa yana komowa, da wani irin kari mai kama da na garayar mutanen sahara. Har muka wuce Giade ban ce uffan ba, ina jira mawaƙi ya shigo, amma bai shigo ba, kuma da kiɗan ya ƙare sai na lura ban ji rashinsa ba. Na tambayi direban mai kiɗan, ya ce shi dai ya san kiɗan Nijar ne, wani ɗan kasuwa ne ya tura masa. Da muka sauka a tasha ya tura mini ta Xender, na duba sunan fayil ɗin, na ga lambobi ne kawai a jere, babu sunan mutum, babu sunan kiɗa.

Washegari na kai wa wani mai tura waƙoƙi a waya a kasuwar Wunti, mutumin da ya san muryar kusan kowane mawaƙi a Arewa. Ya saurara kaɗan ya cire iyafis, ya ce wannan ai kiɗa ne tsura, irin wanda mawaƙa ke saya su ɗora murya, ba a gama shi ba tukuna. Maganarsa ta tsaya mini a rai, domin ni a kunnena kiɗan a game yake. A ƙarshe manhajar Shazam, mai gane kiɗa daga sautinsa, ita ce ta ba ni suna: Hama, wani mai haɗa kiɗa a birnin Yamai. Da na bi sawu sai na gano cewa kiɗansa ya daɗe yana yawo a memori da wayoyin mutane ba tare da sunansa ba, kafin wani ƙaramin kamfanin faifai na Amurka mai suna Sahel Sounds, wanda Christopher Kirkley ya kafa, ya fitar masa da faifai a 2015, sannan wani a 2019. Shi wannan kamfani ne kuma ya sake fitar da aikin Mamman Sani a 2013, dattijon da ya naɗi kiɗan fiyanon lantarki a Nijar tun 1978, wanda gidan rediyo da talabijin na ƙasar suka yi shekaru suna sa sautinsa a tsakanin shirye-shirye. Mutanen Nijar da yawa sun tashi da wannan sauti a kunnuwansu. Mu da muke maƙwabtansu, sai da wani ya taso daga ƙetaren teku ya buga sunan a jikin faifai kafin ni na san da shi.

Tun daga ranar na shiga neman masu irin wannan kiɗa, kuma duk daren da aka kawo wuta nakan kai ƙarfe ɗaya ina bin suna ɗaya zuwa wani. Hanyar ba ta da wuya idan mutum yana da haƙuri. In na ji kiɗan da ya yi mini, sai in nemi mai shi a Discogs, rumbun bayanan faifai da aka buɗe a shekarar 2000, wanda tun asali don kiɗan lantarki aka kafa shi. A nan zan ga kamfanin da ya fitar da faifan, da sauran mutanen da kamfanin ya fitar wa, da sunayen ɓoye da mutum ɗaya yake amfani da su, domin a wannan fage ba abin mamaki ba ne mutum ɗaya ya yi aiki da suna uku ko huɗu. Daga nan sai in koma Bandcamp ko SoundCloud, shafukan intanet da masu kiɗa ke ɗora aikinsu, in saurara.

Sawun ya kai ni Shikago da Detroit a Amurka. A Shikago ne kiɗan da ake kira house ya taso a farkon shekarun 1980, a hannun baƙaƙen fata, kuma ana danganta sunan da wani gidan rawa mai suna Warehouse inda Frankie Knuckles ya riƙa sa faifai daga 1977. A Detroit kuma, birnin da masana'antun mota suka durƙushe suka bar matasa ba aiki, wasu abokai uku da suka yi makaranta tare a garin Belleville, wato Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, su ne suka aza harsashin kiɗan da ake kira tekno. Abin da ya fi taɓa ni shi ne kayan aikinsu. Kamfanin Roland na Japan ya fitar da wata ƙaramar na'ura mai suna TB-303 a 1981 don ta maye gurbin jitar bes, amma makaɗa suka ƙi ta saboda sautinta bai yi kama da jita ba, har aka daina ƙera ta a 1984. Ta koma kayan gwanjo mai araha, kuma a nan ne yaran Shikago suka same ta. Wasu matasa da suka kira kansu Phuture suka riƙa murɗa maɓallanta tana cikin bugawa, sautin yana lanƙwashewa kamar ana matse shi, kuma faifan da suka fitar a 1987 ya buɗe wani sabon reshe da ake kira acid. Da na karanta wannan sai na tuna masu gyaran rediyo na garinmu, waɗanda ke tada abin da mai shi ya yar.

Bari in yi maka bayanin yadda kiɗan yake, don na san kunnenka irin nawa ne, ya saba jiran baiti da amshi. Babbar ganga tana sauka daidai wa daida, sau huɗu a kowace gaɓa, kimanin bugu 120 zuwa 130 a minti ɗaya a house, tekno kuma yakan ɗan fi haka sauri. A kan wannan bugu ne mai haɗawa yake ɗora sauti ɗaya bayan ɗaya, ya janye wani, ya dawo da shi bayan ka fara kewarsa. Gwanintar tana wajen sanin lokacin ƙarawa da lokacin ragewa. Da farko na yi mamakin yadda kiɗa zai yi minti guda yana ganga zalla kafin komai ya shigo, sai daga baya na fahimci cewa an bar wannan fili ne don DJ ya daidaita saurin faifai biyu, ya shigar da sabon a ƙarƙashin mai ƙarewa ba tare da rawa ta yanke ba. Wanda ya taɓa tsayawa a dandali ya ga makaɗan kalangu suna sauya kari ba tare da sun ajiye makaɗi ba, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Na san abin da za ka ce, don haka bari in riga ka. Yawancin wannan kiɗa an yi shi ne don gidajen rawa na dare, kuma ni da kai mun san abin da ke tattare da waɗannan wurare, wanda bai dace da tarbiyyarmu ba. Ba na sha'awarsu, ba kuma ina tura ka can ba ne. Ni a ɗakina nake saurara da iyafis, kuma abin da ya ja ni shi ne aikin hannun mutumin da ya zauna shi kaɗai da na'ura ya gina abu daga babu.

Akwai wata ƙungiya a Detroit mai suna Underground Resistance, wadda Mike Banks da Jeff Mills suka kafa a 1989. Sun riƙa rufe fuskokinsu, suna guje wa hoto da manyan kamfanonin faifai, don a saurari aikin a bar kallon mutum. Haka kuma akwai al'adar faifai mai farin tambari, wanda ake buga kaɗan ba suna ba hoto, a raba wa masu sa kiɗa. Da farko na ɗauka wannan daidai yake da abin da ya sami fayil ɗin da direba ya tura mini, amma da na yi tunani sai na ga akwai bambanci babba. Mutanen Detroit da kansu suka zaɓi ɓoye fuska, kuma kamfanin nasu ne, faifan nasu ne, kuɗin da ya shigo hannunsu yake zuwa. Mai haɗa kiɗa a wurinmu ba zaɓa ya yi ba. Sunansa yana faɗuwa ne a hanya, tsakanin waya da waya, kuma ko a waƙoƙin da suka cika gari mawaƙi ake sani da wanda aka yi wa waƙar. Ko a gargajiya haka muke: kowa zai iya lissafa maka manyan mawaƙanmu, amma ƙalilan ne za su iya kiran sunan wanda ya riƙe musu kalangu shekara talatin.

Wannan tunani ne ya kai ni wani situdiyo a wajen Yelwa, shago ne guda da aka manna wa bangonsa kwalin ƙwai da guntayen katifa don tare amo. Wani yaro ne ke aiki a ciki, ƙanen wani abokin aikina, bai wuce shekara ashirin da biyu ba. Da rana yana haɗa wa mawaƙan biki da na siyasa kiɗa a manhajar FL Studio, a kan wata tsohuwar kwamfutar cinya da aka ɗaure murfinta da salatif. Na kunna masa abin da na tara, ya yi shiru yana kaɗa ƙafa, sannan ya ce in ba zan yi masa dariya ba zai nuna mini wani abu. Ya buɗe wata jaka a kwamfutar mai ɗauke da kiɗa fiye da ashirin da bai taɓa sa wa kowa ba. A ɗaya daga ciki ya naɗi kalangun wani tsoho da wayarsa a wurin biki, ya yanka bugun gunduwa-gunduwa, ya shimfiɗa babbar ganga a ƙarƙashinsa, sannan ya bar kalangun shi kaɗai yana magana na ɗan lokaci kafin komai ya dawo gaba ɗaya. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, muka ƙarasa ji da ragowar cajin batir muna gumi. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Na tambaye shi me ya sa yake ɓoyewa, ya ce wa zai sayi kiɗan da ba waƙa, kuma da na duba sunayen fayilolin sai na ga shi ma lambobi ya sa musu.

Na ba shi labarin gqom, kiɗan da matasan unguwannin Durban a Afirka ta Kudu suka ƙirƙira a farkon shekarun 2010 da wannan manhaja da ke gabansa, ya yaɗu ta motocin haya da wayoyi kafin mutane irin su DJ Lag su kai shi Turai. Na kuma sa masa singeli na Darussalam a Tanzaniya, mai gudun da ya haura bugu 200 a minti, wanda kamfanin Nyege Nyege Tapes na Kampala ya fitar wa duniya. Bai ce komai ba, amma ya nemi in tura masa duka. Mako biyu bayan haka muka zauna tare muka sa wa kowane kiɗa suna, muka rubuta sunansa a cikin bayanan fayil yadda ko an tura sau ɗari ba zai goge ba, muka buɗe masa shafi a SoundCloud. Na kuma roƙe shi ya koma ya nemi tsohon mai kalangun, ya nemi izininsa, ya sa sunansa kusa da nasa, kuma ya yi alkawarin zai yi.

Yanzu ga alfarmar. Ta farko, ina so in sayi faifan Hama da na Mamman Sani a Bandcamp, domin a can mafi yawan kuɗin yana zuwa ga mai aikin da kamfaninsa, kuma na ji nauyin watanni uku da na yi ina saurara kyauta. Katin bankina ya ƙi biya sau uku. Idan ka saya mini da naka, zan ba ƙanenka kuɗin da naira a nan. Ta biyu, kana zaune a birnin da ya rungumi teknon Detroit tun bayan faɗuwar katangar Berlin a 1989, har a 2024 Jamus ta sa teknon birnin a jerin al'adunta na gado. Akwai wani shagon faifai a can mai suna Hard Wax, wanda aka buɗe a 1989, kuma shago ne na saye da sayarwa da rana. Don Allah in ka sami sarari ranar Asabar ka leƙa, ka tambaye su ta wace hanya sabon mai haɗa kiɗa daga nesa yake aika aikinsa a saurara, ka rubuto mini abin da suka ce dalla-dalla. Ta uku, in ka ci karo da ƙaramin fiyanon da ake jona wa kwamfuta na hannu, mai sauƙin kuɗi, ka gaya mini farashinsa kafin ka saya, domin yaron har yanzu da maɓallan rubutu yake buga karinsa.

Zan tura maka kiɗan kalangun nan ta WhatsApp daren yau in an kawo wuta. Ka saurare shi da iyafis, kada ka sa a lasifikar waya, don gangar ƙasan ba ta fita a can, kuma ka bari ya kai ƙarshe kafin ka yanke hukunci.

Ka gaida duk 'yan gida da ke tare da kai a can. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya dawo mana da kai lafiya.

Wassalam,
Naka amini har kullum.