Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Zazzau Kan Sawun Tsohon Layin Dogo Na Zariya Zuwa Jos

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Zazzau,
Malam Ahmed Nuhu Bamalli,
Ta hannun iyayenmu hakimai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya ja zamanin Sarki. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, mu talakawanka na ƙasar Soba da Dutsen Wai, dattawa da manoma da malaman makaranta, mun kawo kukanmu game da tsohon layin dogon da ya ratsa ƙasarmu, wanda sawunsa ke ɓacewa muna ji muna gani.

Ranka ya daɗe, wannan ƙaramin layi ne da Turawa suka shimfiɗa zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, jim kaɗan bayan dogo ya isa Kano a 1911. Suna kiransa layin Bauchi, amma tsaunukan Jos ya nufa saboda kuza. Kafin zuwansa, 'yan dako ne ke ɗaukar kuza a ka har Loko a bakin Binuwai. Layin ya tashi daga Zariya, ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Kudaru, ya isa Rahama a 1912, sannan ya hau ta Jengre zuwa Jos, ya tsaya a Bukuru a 1914, tafiyar kilomita kusan 230. Faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 ne, alhali babban layi ƙafa 3 da inci 6 ne, shi ya sa duk kayan da aka kawo sai an sauke a Zariya an sake lodi. Da babban layi ya shiga Jos ta Kafanchan a 1927, kasuwarsa ta fara ja da baya, har aka rufe shi a 1957, zamanin Sarki Ja'afaru.

An kwashe ƙarafa, amma ƙasa ba ta manta ba. Har yau akwai wuraren da mutum zai ga tudu miƙe sambal ya ratsa gonakin dawa da masara, kuma da damina nan masu babur ke bi domin ruwa ba ya kwanciya a kai. A bakin wasu rafuffuka akwai ƙafafun gadoji na sassaƙaƙƙen dutse, tsaye kyam babu tsaga, sun girmi kowa a garin. Manomi kan yi huɗa garma ta tono masa ƙusa mai kauri, ya jefa a gefen kunya, yara su tsinta su kai wa 'yan gwangwan a auna a kilo. Masu tifa kuma sun gano tudun nan ƙasa ce mai kyau da aka riga aka tara masu, suna ta yankarsa. Duwatsun gada ma ana ɓamɓarewa a kai tushen gini. Ba mu ce mugunta ce ba. Yawancinsu ba wanda ya taɓa gaya masu abin da suke rushewa.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne mutanen da suka ga jirgin da idonsu. Yaron da ke da shekara 10 ranar da aka rufe layin, yau yana dab da 80. Su ne suka san inda tasha take, inda ake shayar da jirgi ruwa, inda ake jibge auduga da gyaɗa kafin a yi lodi. Su ne kuma suka ji daga bakin iyayensu yadda aka ɗebi mutane daga ƙauyuka suka fasa dutse, suka yi dakon ƙasa da kwando a ka har tudun ya tashi. Takardun Turawa sun rubuta kuɗin da aka kashe da nauyin kuzar da aka fitar. Gumin kakanninmu kuwa a bakin waɗannan tsofaffi kaɗai ya rage, kuma duk shekara muna binne wasu daga cikinsu.

Saboda haka muke roƙon Sarki ya umarci hakimai da dagatai da masu unguwannin da layin ya bi ta ƙasarsu su hana tonon tudun da cire duwatsun gadoji, su kuma gargaɗi masu sayen ƙarfe. Magana ɗaya daga fada ta fi takarda goma daga wurinmu. Muna kuma roƙon fada ta gayyaci masanan tarihi da binciken kufai na Jami'ar Ahmadu Bello su bi sawun layin da ƙafa daga Zariya har iyakar masarauta, su zana taswira, su ɗauki hotuna, su naɗi muryar dattawa tun suna da rai. Matasanmu a shirye suke su yi masu jagora kyauta. Gidan adana takardun tarihi na Kaduna da Gidan Arewa suna kusa, ga Cibiyar Fasahar Sufuri nan cikin Zariya. Ba sai an nemo kowa daga nesa ba. A Jos an ajiye wasu kawunan jirgin nan a gidan tarihi mutane na zuwa kallo, mu da jirgin ya taso daga ƙasarmu ko allo babu a gurbin tashoshinmu.

Akwai wata magana da ya wajaba mu faɗa a fili, Allah ya taimaki Sarki. Wasu manoma sun tsorata, suna ganin da zarar an fara awo za a karɓe masu gonaki. Ba mu zo neman gonar kowa ba, kuma ba za mu goyi bayan a tashi wanda ya gaji nomansa a wurin ba. Muna so fada ta zauna da Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya da ƙananan hukumomin Soba da Kubau a fayyace matsayin filin, a sanar da jama'a tun kafin masu bincike su fito. Idan ba a yi haka ba, mutum zai gwammace ya baje tudun cikin dare da ya nuna shi.

Muna fatan a fara da kakar bana, da zarar an cire amfanin gona, lokacin da ake iya ganin tudun daga nesa.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana, ya zaunar da ƙasar Zazzau lafiya.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
A madadin al'ummar Soba da Dutsen Wai da ƙauyukan da ke kan tsohon layi.