Zuwa ga ƙanena na Aboabo da ya yi tambaya kan bidiyon 24p

Assalamu alaikum. Na ga tambayar da ka jefo mini a dandalinmu na masu ɗaukar bidiyo a Kumasi. Ka ce da kyamarar da aka aiko maka daga Amurka ka ɗauki biki, ka sa ta a 24p, wato firam (hoto ɗai-ɗai) kusan 24 a sakan, don hoton ya fito kamar fim, amma da ka zo tacewa sai hoton yana ƙyarma, gefen hannun masu rawa kuma ya fito da haƙora kamar na matsefi. Ka tambaya ko manhajar ce ba ta da kyau.

Manhajar lafiyarta lau. Fayil ɗinka ne ba abin da ka zata ba.

Da yawa daga ƙananan kyamarorin Amurka, irin su Canon HV20 ta 2007, firam 23.976 suke ɗauka a sakan guda, amma sai su cusa shi cikin tsarin talabijin ɗinsu na 29.97. Kowane firam huɗu sai a miƙe su su zama biyar, biyu daga cikin biyar ɗin kuma gamin gambiza ne: rabin layukan na wannan hoto, rabi na mai bi masa. Haƙoran nan ke nan. Gwada da kanka: nemi wurin da mai ganga ya ɗaga hannu, ka riƙa matsa kibiyar dama firam ɗaya-ɗaya. In ka ga uku garau, biyu da haƙora, uku garau, biyu da haƙora, to magana ta ƙare. Manhajar duba bayanan fayil ta MediaInfo ma, wadda kyauta ce, za ta nuna maka 29.970.

Maganin shi ne a warware wannan saƙa tun kafin ka yanka ko sakan ɗaya, domin kowane yanka yana karya jerin uku da biyun nan. Buɗe fayil ɗin a manhajar sauya bidiyo ta HandBrake, ka kunna Detelecine mai warware saƙar, ka kashe Deinterlace, ka sa firam a 23.976, ka zaɓi Constant Framerate. Kada ka ce Deinterlace kaɗai ya isa. Zai goge haƙoran, amma ya bar maka maimaicin firam, ƙyarmar tana nan daram, kaifin hoton kuma ya ragu.

Sannan ka buɗe sabon aiki ka saita shi a 23.976 kafin ka jawo fayil ko ɗaya. Manhajar tacewa ta DaVinci Resolve kulle wannan saitin take yi da zarar aiki ya kankama, sauran manhajojin kuma wasu kan bi fayil ɗin da ka fara sakawa ne. Da wannan lambar za ka fitar da aikin. YouTube da Facebook suna karɓarta ba gardama.

Inda ake shan wahala shi ne haɗawa da kyamarar abokin aiki ta nan gida, mai firam 25. In ka ɗora 23.976 a kan aikin 25 haka kawai, manhaja za ta riƙa maimaita firam ɗaya kusan kowane sakan, sai ka ga amarya na tafiya tana ɗan tuntuɓe. Gara ka shiga Clip Attributes a DaVinci Resolve ka ce a karanta shi a 25. Saurin zai ƙaru da kashi 4 cikin ɗari da ɗoriya, awa guda ta koma minti 57 da rabi, kuma dole sautin ya bi da irin wannan sauri. Kunna gyaran murya, in ba haka ba muryar liman a wajen ɗaurin aure za ta ɗan sirance. Masu biki ba za su lura da hoto ba, amma muryar malaminsu sun san ta.

Ba ka tambayi wannan ba, amma zai same ka a bikin dare. Wutarmu a Ghana mai zagaye 50 ce a sakan, ta Amurka 60. Ka bar shota (tsawon lokacin da haske ke shiga kowane firam) a 1/60 na sakan ƙarƙashin fitilun rumfa, hoto zai yi ta walƙiya, kuma cire ta bayan ɗauka jan aiki ne. Sa 1/50, in kyamarar ba ta da shi 1/48 ya yi kusa. Kuma sassauta hannu wajen juya kyamara: abin da ya shigo ta wannan gefen allo, ba shi kamar sakan bakwai kafin ya fita ta wancan.

Turo mini abin da MediaInfo ta nuna, mu gani ko akwai saura.

Yayanka a sana'a,
Asawase, Kumasi